Ɗakin da Mahaifina Ke Ja da Mota

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina taɓe baki, ina cewa wasu dai ba su da lissafi. Yau ga ni na kawo nawa. Ba zan faɗi suna ba, don waɗanda suka san mu a Lyon da Paris za su gane ko ban faɗa ba, waɗanda ba su san mu ba kuwa sunan ba zai ƙare su da komai ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da ƴan kai, ina aiki a ɗakin bincike na jami'a a Bron, gefen Lyon, ina da miji injiniya ɗan Maradi da ɗiya guda mai shekara biyar. A Damagaram aka haife ni, ina ƴar shekara tara Baba ya ɗauko mu ni da mahaifiyata zuwa Faransa, aka haifi ƙanena a nan. Na tashi a ɗaki biyu a Aubervilliers, gefen Paris, hawa na biyar, inda ƙamshin daddawa ke tarbar mutum tun daga matakala, kuma tun ina yarinya na rantse sai na fita daga wannan rayuwa. Na kuwa fita. Muka sayi gida a Bron, a wani bene mai shinge da furanni da lambar sirri a ƙofa, mu kaɗai ne baƙar fata a ciki. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin. Turaren wuta ma na daina sawa don kada ya leƙa barandar maƙwabta. Har na kutsa kai cikin kwamitin mazauna gidan na zama mai rubuta takardu, saboda Faransancina ya fi na wasu Faransawan tsabta, kuma ina so a san haka.

Baba ya yi kusan shekara arba'in a manyan ɗakunan ajiyar kaya na Aubervilliers, ya fara da dakon kwali ya ƙare da tuƙa motar kai kaya. Mahaifiyata ta rasu saura shekara biyu ya yi ritaya. Kowa ya ɗauka zai tattara ya koma Damagaram kamar yadda tsaransa suka yi, amma ya ce matarsa tana kwance a ƙasar nan, ƴaƴansa da jikarsa suna nan, likitan ciwon sugansa yana nan, wa zai je ya tarar a can. Abin da yake so kawai shi ne ya riƙa ganinmu. Matsalar guda ce: Baba ba ya kwana a gidan suruki. Wanda ya tashi a gida ya san wannan kunya, ba sai na yi masa bayani ba. Idan ya zo Lyon ta jirgin ƙasa sai ya iso da hantsi, ya ɗosana a bakin kujera kamar mai neman aiki, ya ƙi kai loma baki matuƙar mijina yana gida, da la'asar ya ce a raka shi tasha. Mijina shi ma gwanin kunya ne, sai ya durƙusa ya gaishe shi ya shige ɗaki ya rufe kansa. Na sha cewa su biyun nan sai ka ce amare. Na kawo masa maganar otal, ya ce otal na baƙi ne, shi kuwa ba baƙo ba ne a garin da ɗiyarsa take.

Wata rana ya kira ni muryarsa cike da murna, ya ce ya sami dabara. Wani tsohon Bature da suka yi aiki tare ya sayar masa da karaban, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota ta ja. Tsohuwa ce, farinta ya koma ruwan ƙasa, amma akwai gado da ɗan murhun gas da wurin wanka da bai fi akwatin tufafi ba. Ya ce da ni, “Ɗiyata, yanzu ina zuwa da ɗakina. Ba ni kan suruki, ba ni kan kowa.” Na yi dariya na ce Allah ya sa alheri, a raina kuwa na ce tsufa ya fara taɓa shi.

Zan yi wa karaban ɗin adalci, don ba ita ta cuce shi ba. Bazarar farko ban taɓa ganin Baba haka ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya titunan Paris bai taɓa ganin teku ba, sai ga shi yana turo mana hotonsa a bakin ruwa, wando naɗe, hula a kai. Ya hau duwatsu, ya kwana a gefen gonakin inabi, ya ce ashe ƙasar nan tana da faɗi, su dai kwali kawai aka nuna musu. Sugansa ya sauka, likita har ya yaba masa. Da ya zo Lyon sai ya sauka a wani fili a bakin kogi da ake ajiye irin waɗannan ɗakuna, wanda suke kira kampin. Can ya yi abokai tsofaffin Turawa, ya koya musu shan shayi zagaye uku, suka koya masa wasan jifa da ƙwallon ƙarfe. Ranar Lahadi mukan je mu same shi ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ya dafa shinkafa da wake da kansa. A nan na fara ganin Baba ya ci abinci a gaban mijina, don yanzu mijina ne baƙo a gidansa. Ɗiyata kuwa ta ce gidan Kaka ya fi namu, tunda nasa yana tafiya.

Da lokacin kaka ya shigo sai ƙanena ya yi aure. Bai sami gida ba, Paris kuwa kun san ta. Ɗaki biyun nan na Aubervilliers ba za su ɗauki ango da amarya da uban ango ba, kuma Baban da ba ya kwana gidan mijin ɗiya ba zai raba banɗaki da matar ɗa ba. Ya ce ya bar musu gidan zuwa ɗan lokaci. Ƙanena ya kira ni ya ce kada in damu, ai Baba yana da karaban. Ni ma na ce haka ne, ai yana da karaban. Wannan magana ita ce matashin da muka ɗora kai muka yi barci mu biyu. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya gaya masa baƙar magana. Mun dai mayar da abin da ya saya don ya matso kusa da mu ya zama dalilin da ba sai mun nema masa wuri ba.

Abin da mai sayarwa ba ya faɗa shi ne, karaban ɗakin bazara ce. Da sanyi ya kama, yawancin kampin sukan rufe. Bangon bai fi kaurin yatsa biyu ba, numfashin mutum ma yakan zama ruwa ya gangaro, katifa ta jiƙe, tufafi su yi fumfuna. Ruwa yakan daskare a bututu. Tukunyar gas tana ƙarewa ne a ranar da aka fi buƙatarta, kuma sai mai ƙarfi ke ɗaga ta. Akwai ma'ajiyar bayan gida da dole a ciro a je a zubar, tsoho mai ciwon gwiwa yana jan ta a gaban mutane. Doka ba ta yarda a daɗe da ita a bakin titi ba, tsohuwar motarsa mai hayaƙi kuma an hana irinta shiga tsakiyar gari. Duk wannan na sani, ni da nake karanta jarida kullum a jirgin tiram kan hanyar aiki. Idan na kira shi sai ya ce lafiya lau, yana wajen Paris kusa da ƙanena. Idan ƙanena ya kira sai ya ce yana wajen Lyon kusa da ni. Mun gane ƙarya yake yi mana, kuma ƙaryar ta yi mana daɗi. Mijina ne kaɗai ya kasa zama. Sau biyu yana cewa shi zai koma gidan abokinsa har sanyi ya wuce don Baba ya zo ya zauna. Na ce masa ba zan raba aurena da kwana saboda al'adar ƙauye ba, kuma ban taɓa isar wa Baba da saƙon ba.

A wannan kakar ne wasu iyalai masu yawo da karaban suka sauka a wani fili bayan benenmu. Ba su taɓa kowa ba, amma hankalin maƙwabtana ya tashi. Ni na rubuta takardar ƙorafi zuwa ga hukumar gari, na zuba kalmomin da yau nake jin kunyar tunawa, irin kalmomin da aka sha jifan iyayena da su. Aka tashe su. Ni na kuma kawo shawarar cewa duk wanda ya ga karaban a wurin ajiye motocinmu ya kira ƴan sanda nan take, na buga lambar da manyan baƙaƙe na manna a ƙofar shiga. Shugabar kwamitin, wata tsohuwar malamar makaranta mai ɗan kare, ta dafa kafaɗata ta ce da a ce duk baƙi irina ne da ƙasar ta zauna lafiya. Na kwana biyu ina jin daɗin wannan magana.

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar sanyi. Mijina ya yi tafiyar aiki ta mako guda, kuma Baba ya sani, don kwana biyu kafin nan ya kira ya yi ta zagaye-zagaye har ya tambayi ranar dawowarsa. Taron kwamiti a falona aka yi, mutum shida, na fito da kofunan da ba na bari kowa ya taɓa. Wayata ta yi ƙara sau biyu, na ga Baba ne, na kife ta. Bayan azahar kaɗan shugabar ta leƙa taga ta ce masu karaban sun dawo. Muka taso duka. A wurin ajiye motocin baƙi, daidai ƙarƙashin barandata da ke hawa na ɗaya, ga karaban ɗin Baba. Ta yi baƙi da taɓo, an toshe taga ɗaya da kwali. Ya fito a hankali yana ɗingishi, da doguwar rigar sanyi a kan kaftani, da hularsa, da buta a hannu. Ya tsuguna gefen taya ya fara alwala. Wani ya ce ku duba, har ya fara ɓata wurin. Shugabar ta ɗauki waya ta kira lambar da na manna.

Kusan minti ashirin ƴan sanda suka yi kafin su iso. Ina so masu karatu su riƙe wannan, don kada wani ya yi mini uzuri ya ce ruɗewa na yi. Minti ashirin ina da bakina, kalma biyu kawai ake nema: mahaifina ne. Na ƙara musu kofi, na yanka musu kek. Ɗiyata ta fito daga ɗaki ta leƙa ta gilashin ƙofar baranda, ta ɗaga hannu ta kira Kaka. Na damƙi damtsenta har sai da farcena ya shiga, na ja ta ɗaki, na ce da ita cikin Hausa idan ta ƙara buɗe baki sai na fasa shi. Na dawo ina murmushi na ce musu haka take, duk tsohon da ta gani kakanta ne. Suka ce yara ke nan.

Ƴan sanda biyu suka zo, mace da namiji. Muka buɗe ƙofar baranda don mu ji. Ba su yi masa wulaƙanci ba, wannan ma bari in faɗa. Macen ta jira ya sallame salla, ta duba takardunsa, ta ce masa wurin na masu gida ne da baƙinsu. Sannan ta ce idan ya san wani a benen ya faɗi suna kawai, magana ta ƙare, su tafi abinsu. Baba ya ɗaga kai. Bai yi lalube ba, ya san barandata. Ya ga Turawa biyar da ni a tsakiyarsu da kofi a hannu. Muka haɗa ido. Na ja baya taki ɗaya na shige bayan labule, amma kunnena bai shige ba. Da Faransancinsa na ƴan dako ya ce mata, “Ban san kowa ba a nan, madam. Ɓatan hanya na yi.”

Fitar da karaban da baya aiki ne ko ga mai lafiya. Ya yi gaba, ya yi baya, ɗakin ya karkace, taya ta hau dakali, ya sake. Ya kai minti goma yana fama, ɗan sandan yana yi masa nuni da hannu. A baranda aka fara dariya, wani ya ce ko tuƙin ma bai iya ba, mutumin da ya shekara ashirin yana tuƙi a Paris bai taɓa gogar motar kowa ba. Shugabar ta juyo ta kalle ni tana dariya, ni ma na yi. Na ji sautin dariyata da kunnena, kuma na tabbata ya kai ƙasa.

Da suka watse na kira shi, waya a kashe. Na ce zai huce, gobe zan yi masa bayanin yadda zaman irin wannan gida yake. Gobe ta zo, waya a kashe. Na kira ƙanena na tambaye shi ko Baba ya zo wajensu, ban gaya masa komai ba, shi ma bai tambaya ba. Da mijina ya dawo, ɗiyata ta nuna masa shatin farce a hannunta ta ba shi labari tiryan-tiryan. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce shi a garinsu ko mahaukaci ya san ubansa. Ya ɗauki makullin mota ya fita, ya yi kwana uku yana bin duk inda ake ajiye karaban tsakanin Lyon da kewaye. Ya daina cin abincina.

A kwana na tara wani Alhaji mai shagon waya a unguwar Barbès ta Paris, aminin Baba tun suna samari, ya kira. Wayar mijina ya kira, ba tawa ba. Ya ce Baba yana asibitin wani ƙaramin gari a hanyar Paris. Wani manomi ne ya bar shi ya ajiye karaban bayan rumbunsa, da ya ga kwana biyu ƙofa ba ta buɗe ba ya leƙa, ya same shi cikin zazzaɓi, gas ya ƙare, bargo a jiƙe. Alhajin ne ya faɗa mana abin da ya kawo Baba gidana ranar nan. Ƙusa ce ta soke shi a tafin ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa saboda suga, idonsa kuma ba ya gani sosai balle ya duba. Ya gaya wa Alhaji cewa tunda surukinsa ba ya gari, zai je ɗiyarsa ta duba masa ƙafar, ita da ta yi karatun irin waɗannan abubuwa, ya yi wanka da ruwan zafi, ya kwana biyu a ɗaki mai ɗumi. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya yi niyyar kwana a gidana. Kafin mu isa asibitin an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko ni wace ce, na ce ɗiyarsa. Ta duba takarda ta sake dubawa, ta ce a nan an rubuta ba shi da iyali a Faransa, wanda za a kira in wani abu ya faru wani aboki ne a Paris. Sai da na nuna mata katina ta ga sunanmu ɗaya. Na shiga na same shi ya rame, bargo ya faɗa a inda ƙafa take a da. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya aiki, ya sanyi, ya maigida, ya yarinya, ya gajiyar hanya, irin gaisuwar da yake yi wa matan abokansa. Na durƙusa na kama ƙarfen gadon ina kuka, na ce Baba ka yafe mini abin da na yi maka. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan a hankali ya ce, “Mi kika yi? Ni ban ga kowa ba a barandar nan. Tashi, ƙasa da sanyi.”

Yau shekara uku ke nan. Baba yana raye, yana wani gidan kula da tsofaffi a bayan Paris, inda Alhaji ke iya zuwa ta metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, duk Juma'a. Mun sayar da gidan Bron, na bar kwamiti ba tare da na gaya musu dalili ba, har a nan ma raki ya hana ni. Mun kama gida mai ɗaki a ƙasa da ƙofarsa daban saboda shi, ya ce an gode, inda yake ya ishe shi. Ni da ƙanena mun yi musayar maganganun da ba za su rubutu ba, kowa yana tura wa ɗan'uwansa laifi, kuma duk abin da muka faɗa wa juna gaskiya ne. Mijina bai sake ni ba, ya dai daina ba ni labarin abin da ke ransa. Karaban ɗin tana can bayan rumbun manomin, ba wanda ya iya zuwa ɗaukowa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma da tsada na saye shi. Masu shirin ritaya da ke sha'awar irin wannan ɗaki, ku saya in kuna da hali da lafiya, akwai daɗi a cikinsa, na gani da idona. Amma kada ku saki makullin gidanku na ƙasa ko don wa, ko da ɗan cikinku ne, domin ranar da ɗakin yawo ya zama shi ne kaɗai ɗakinku, ya tashi daga hutu ya koma kora. Ku kuma ƴaƴa, musamman mu da muka yi karatu a nan muke ganin mun waye, ku sani iyayenmu ba sa roƙo. Idan tsoho ya ce muku yana lafiya, ku je ku taɓa katifarsa ku ji. Kunyar da muke yi wa dariya ita ce ke hana su faɗin yunwa da sanyi da ciwo, kuma da ita za su rufa mana asiri a ranar da muka tona nasu. Kada kuma ku sayar da naku don yabon mutumin da gobe ba zai tuna sunanku ba.

Duk wata nakan hau jirgi in je in gan shi. Yakan sa a kawo mini kujera, ya tambayi aiki da maigida da yarinya, ya karɓi abin da na kawo ya ce Allah ya yi albarka. Sau da yawa na sake ɗauko maganar, amsar ba ta taɓa canzawa ba. Da zai zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni, da na samu abin da zan nemi gafara a kai. Ina roƙon masu karatu su sa ni a addu'a, Allah ya sa kafin ɗayanmu ya bar duniya Baba ya ce ya gan ni.